Sharar Bangon Yamma

Ƙwas. Ƙarar ke nan, ba ta fi ta fasa ƙwai a bakin kasko ba, kuma daga bayan ɗakina ta fito. Ina zaune kan tabarma da hantsi, hannuwana a cinya babu komai cikinsu, sai na ji an sake, ƙwas. Na san babanku ne yake fasa tulu da dutse. Na kuma san ko wane tulu ne, domin na ga lokacin da ya shigo ya ɗauke shi daga jerena bai dubi inda nake ba. Ɗan ƙaramin tulu ne mai jan wuya da uwata ta saya mini da zan tare. A gidan nan, in yaro ya rasu, tukunyar uwarsa ake fasawa, a rufe ramin da manyan ɓangarorin, a kafa tsingaro ɗaya wajen kai don a riƙa gane wurin. Yaron da aka fasa tulun dominsa shi ne yayanku da ba ku sani ba. Ƙyanda ta ɗauke shi yana da shekara ɗaya da 'yan watanni, ya fara tsayawa da bango. Sunansa Umaru. Yau ne na fara rubuta sunan nan, kuma har ya zo duniya ya bar ta ban taɓa faɗinsa da bakina ba.

Ina rubuta wannan ne saboda maganar da kuka tashi kuna ji daga bakin 'yan uwanku na Gwandu, cewa babanku ya share kabarin uwarsa don ya burge manyan baƙi, shi ya sa mahaifinsa ya kore shi. Kun sha tambayata, ina ce muku ku bar tone-tone. To, shi ya riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙafata ɗaya tana can. Ba na son in same shi da wannan kaya a kaina.

Gidan kakanku, wanda kowa ke kira Baffa, yana manne da Hubbare ta yamma. Kun san Hubbare, inda shugabannin ƙasar nan na farko da waɗanda suka gaje su suke kwance, inda mutane ke tahowa daga nesa su yi ziyara su yi musu addu'a. Gidaje kaɗan ne suka gaji hidimar wurin, kowane da rabonsa, mu rabonmu bangon yamma: yaɓe kafin damina, shafa makuba don kada ruwa ya ci ƙasar, shara, cire ciyawa. Baffa ba ya ganin wannan aiki ne, gani yake sarauta ce. Yakan ce kakan kakansa ya riƙe wa mai wurin buta yana da rai, su kuma suna riƙe masa tsintsiya bayan ransa. Ni kuwa baƙuwa ce a cikinsu. A Birnin Kebbi na tashi, gidan akawu, na yi makarantar kwana ta 'yan mata har na wuce inda yawancin 'yan matan zamaninmu ke tsayawa. Can aka koya mana cewa duk abin da yake naka ka sa masa alama, kuma duk inda ka ga ciyawa da tarkace to cuta na kwance ƙarƙashi. Har tuluna ban bari ba, da ƙusa na kankare harafin farko na sunana, H, a jan wuyansa. Matan unguwa suka yi ta dariya, suna cewa amaryar gidan Baffa har tukwanenta sun shiga boko.

Uwar babanku ta rasu shekaru kafin a kawo ni. Mai riƙe da cikin gida ita ce Gwaggo Kulu, ƙanwar Baffa, tsohuwa ce da yanar ido ta rufe wa gani, ba ta ganin komai sai haske da duhu, amma kunnenta ko kaza ta taka tsakar gida ta san wace ce. Ranar da aka fita da yaron, da ta ji numfashina ya sauya, ta laluba ta kama gwiwata ta matse.

"Habsatu, haɗiye. Ɗan fari ba naki ba ne, na dangi ne. Kada ki ba mu kunya gaban mata."

Na haɗiye. Ku da kuka tashi yanzu kuna ɗaukar 'ya'yanku na fari kuna yi musu rawa gaban surukai, ba za ku san nauyin wannan kunyar ba. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa gaban mutane, in ya faɗi sai ka jira wani ya ɗaga shi. In ya mutu ba ka kuka a fili, ba ka kuma tambaya. Mace ba ta bin gawa, wannan na sani kuma na yarda da shi. Abin da ya yi ta cina shi ne ban san inda aka kai shi ba. Sau ɗaya na gwada, bayan kwana arba'in, na kawo wa babanku fura na durƙusa.

"Malam, ina anka..."

Bai bari na ƙarasa ba. Shi ma ɗan farinsa ne, kunyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure shi. Ya dubi cikin ƙwarya ya ce, "Yana wuri mai kyau." Daga tsakar gida Gwaggo ta yi tari. Ban sake tambaya ba. Na ɗauka a raina maƙabartar gari ce, can gabas, don haka kullum in na idar da salla sai in ɗan ƙara zama ina fuskantar gabas ina yi masa addu'a. Damina biyu ina haka, ashe bai yi nisan da nake zato ba.

Da kakar shekara ta biyu, ina da cikin Balkisu wata biyar, aka aiko cewa manyan baƙi za su zo ziyara, irin sababbin shugabannin nan da siyasa ta fito da su, masu zuwa da motoci daga Kaduna. Kowane gida ya gyara rabonsa cikin kwana uku. Saƙon ya sami Baffa a kwance, kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu, an naɗe zaren tsutsar a tsinke ana ja kaɗan-kaɗan kowace safiya, ko bayan gida sai an riƙe shi. Daga ɗakinsa yake ta faɗa.

"Shekara arba'in ina share wurin ga ba wanda ya zo dubawa, yau da za a zo ni ga ni kwance kamar buhun gero. Za a ce gidanmu ya mutu."

Gwaggo ta ce, "To tashi ka yi, wa ya riƙe ka?"

"Ke dai da ido gare ki da kin fi haka baki."

"Da ido gare ni da na ga ranar da za ka yi shiru."

Babanku ya yi sammako da jakuna biyu zuwa wajen Kambaza ɗebo farar ƙasa, ya ce sai la'asar, in ya dawo zai kama ciyawar. Na zauna ina jin nishin Baffa, tausayinsa ya kama ni. Mutumin nan bai taɓa ce mini 'yar boko ba, shi kaɗai a unguwar. In ya dawo daga Hubbare yakan tsaya ƙofar ɗakina ya ce, "Ɗiyata, karanta mani abin da anka rubuta jikin gwangwanin ga," don kawai ya ji ina karatu ya yi dariya. Na ce a raina yau zan saka masa. Akwai wata 'yar ƙofar zana a bayan rumbu wadda ban taɓa buɗewa ba, ta nan Baffa ke fita kowace safiya. Na jira Gwaggo ta shiga ɗaki sallar walha, na ɗauki tsintsiya da fartanya da kwando, na ɗaga zanar na fita.

Wani ɗan fili na tarar, siriri, tsakanin zanar gidanmu da bangon Hubbare, an killace shi ta ko'ina, tsawonsa bai fi taku ashirin ba. Ciyawar damina ta kai gwiwa. Cikinta busasshiyar ƙaya ce a warwatse, da fasassun tukwane ko'ina, wani wuyan tulu, wani gindin kasko, wasu a kafe wasu a kwance. Wallahi abin da na gani juji ne. Har na ji haushin matan da suka riga ni a gidan, na ce dubi inda suka mayar wurin zubar da fasassun kaya, jikin bangon bayin Allah. Ban taɓa ganin kabari da idona ba. A zatona tudu ne babba wanda ba ya ɓoyuwa, ban san kabarin talaka damina biyu ta ishe shi ya koma daidai da ƙasa ba. Na yi bisimilla na fara. Na nome ciyawar, na tattara ƙayar, na bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya ina tumɓukewa ina jefawa kwando. Inda ƙasa ta ɗan tasa na sassare da fartanya, inda ta lotsa na cike, kamar yadda muke yi wa lambun makaranta. Kwando ya cika, na kai ƙarshen filin na juye ta kan zana cikin kududdufin da ake ɗibar ƙasar yaɓe, wanda ke cike da ruwa. Sau uku ina juyewa. Na yayyafa ruwa, na share, har da yi wa ƙasar zane da bakin tsintsiya. Ina aikin ina salati, raina fari tas. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan hantsin ba tun da yaron ya tafi, kuma wannan na cikin abin da har yau ban iya yafe wa kaina ba.

Kwando na huɗu bai cika ba. Na ɗaga shi zan juye, sai rana ta haska wani jan tsingaro a sama. Na sauke. Na goge ƙasar da babban yatsa. H.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na juya na dubi filin, sumul, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, babu tudu babu rami, babu abin da ya bambanta taku ɗaya da wani. Na yi ta ƙoƙarin tuna inda na cire shi. Kusa da bango ne? Tsakiya? Na durƙusa ina shafa ƙasa da tafin hannu ko zan ji wuri mai taushi, amma ni da kaina na daddale ko'ina. Shekara biyu yana kwance taku goma daga inda nake daka, ranar da na zo kansa kuma da fartanya na zo. Na soke tsingaron a ƙugun zanena, na koma ciki, na zauna inda na zauna ranar da aka fasa tulun.

Da la'asar na ji jakuna, na ji an ɗaga zanar baya. Can sai ga babanku a ƙofar ɗaki, farar ƙasa har gira. Na zaro tsingaron, na buɗe hannuna na nuna masa. Ya zauna a dokin ƙofa.

"Sauran fa?"

"Suna kududdufi."

"Habsatu, Inna na wurin. Da kakana, da ƙannena uku. Duk wanda ya riƙe tsintsiyar gidan ga nan yake kwance, ƙarƙashin bangon da ya yi wa hidima. Baffa da tukwanen nan yake gane su. Kowace safiya sai ya bi su ɗaya ɗaya ya yi masu sallama kafin ya shiga ciki."

Na ce zan je in faɗa wa Baffa da bakina. Na yunƙura, ya riƙe mini hannu.

"In anka ji ke ce, ba za a ce kuskure ba ne. Za a ce uwar ɗan fari ta fita neman kabarin ɗanta, ko a ce 'yar boko ta tone kaburbura. Baffa ko yana so ko ba ya so sai ya sa na sallame ki, ga ki da ciki. Ni ɗansa ne, iyaka ya yi fushi ya huce. Ni na yi, da asuba kafin in tafi. Kin ji ko? Ni na yi."

Na ce na ji. Nan ne wurin da nake so ku tsaya ku duba da kyau. Bai tilasta ni ba. Ƙofar Baffa tana nan buɗe, taku kaɗan ne. Tsoro ne ya zaunar da ni, na kuma ji sanyi a raina da ya ce shi zai ɗauka. Na ji sanyi, Allah ya sani.

Baffa bai yarda da baki ba, sai da ya ja gindi daga ɗakinsa har bayan rumbu, ƙafafunsa a miƙe, tsinkayen kurkunun suna jan ƙasa. Ina kallo ta labule. Ya daɗe yana duban filin. Na ga leɓensa na motsi, yana nuna wuri da yatsa, ya sauke, ya nuna wani, ya sauke. Bai ɗaga murya ba.

"Kai da hannunka ka sa ɗanka cikin ƙasar ga. Kai ka riƙe kan uwarka anka saukar da ita. Ka share su don baƙi su ga tsabta."

Babanku yana durƙushe, ya ce, "Gaggawa ce, Baffa. A yi mani gafara."

"Gafara wurin Allah take. Aje tsintsiyar. Idona kada ya sake ganinka."

Baƙin sun zo ranar da aka ce. Motoci uku, manyan riguna, mutane har kan katanga. Masu shirya tarba suka ga filinmu a share sumul, suka yaye zanar gefe, suka ce nan ya dace baƙi su tuɓe takalma kafin su shiga. Baffa na kwance da zazzaɓi, babanku ba shi da sauran baki a wurin, ba wanda ya ce musu kome. Ta ramin zana na ga takalma a jere, baƙaƙe masu sheƙi, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ina ta duba ko wanne ne ke kan ɗana. Ba su daɗe ciki ba, ko tukunya ba ta tafasa ba suka fito. Na ji ɗaya yana cewa wannan gefen ya fi ko'ina gyara, Allah ya yi wa mai aikin albarka. Aka ce amin.

Bayan kwana bakwai muka ɗaura kaya. Hidimar bango ta koma hannun ɗan ƙanen Baffa. Na shiga yi wa Gwaggo sallama, ta jawo kaina kusa da bakinta.

"Makaho ba kurma ba ne. Na ji tsintsiya ran nan, kuma sharar mace daban take da ta namiji."

Na ce, "Gwaggo, ki faɗa masa."

"In faɗi in kashe aure, in bar jariri ba uba? Wanda ya ɗauka ya ɗauka. Tafi." Hannunta na kan wuyana, ta ƙara da cewa, "Da na bar ki kin tambaya." Ban taɓa jin ta yi nadamar wani abu ba sai ran nan.

A Kalgo wani abokin babanku ya ba mu ɗaki biyu da 'yar gona a fadama. Mutumin da ya tashi da allo da tsintsiyar Hubbare ya koma dashen shinkafa, ruwa har cinya, ƙafafunsa duk tsagewa. Ya ce Baffa zai huce. Kowace salla yakan aika da shinkafa da busasshen kifi, kowace salla kayan su dawo yadda aka ɗaure su. Na taɓa rubuta wa Baffa wasiƙa da ajami, na faɗi komai, na naɗe na ajiye ina jiran mai zuwa Gwandu. Mai zuwa ya zo, ya sha ruwa, ya tafi, wasiƙar tana ƙarƙashin tabarma. Da yamma na sa ta a murhu. Na ce wa kaina alkawari na riƙe wa mijina. Ƙarya ce, bayan alkawarin na ɓuya.

Baffa ya rasu shekara biyu da tashinmu, bai aiko a kira ɗansa ba. Da aka zo haƙa, ba wanda ya yarda ya sa fartanya a filin nan, don ba a san inda za a sara a faɗa kan wani ba. Sai aka kai shi maƙabartar gari, can gabas, cikin mutanen da bai sani ba. Shi ne na farko a zuriyarsu da bai kwanta jikin bangon ba, shi da ya fi kowa son wurin. Babanku ya isa an riga an rufe. Ya dawo Kalgo ya zauna bakin rijiya har magariba, da na kai masa ruwa ya karɓa ya ce, "Sannu, Habsatu." Har ya bar duniya bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa, ko cikin faɗa. Da ya zage ni sau ɗaya, wataƙila da na sami inda zan sauke.

Na sani Allah bai ɓatar da kowa ba. Ranar da za a busa ƙaho, wanda aka gina wa ɗaki da wanda aka kafa wa tsingaro tare za su tashi, ba mai neman alama. Malamai sun faɗa mini, na kuma yi imani. Amma na je ziyara Hubbare sau biyu bayan na tsufa, na ga yadda ake nuna wa baƙi, wannan wane ne, wannan wane ne, ba a kuskure ko ɗaya. Na yi musu addu'a da zuciya ɗaya, sun cancanta. Da na fito na zaga yamma, na tsaya inda mutane ke wucewa, na rasa inda zan sa ƙafata.

Tsingaron yana cikin adudun da ke ƙarƙashin gadona, a naɗe cikin farin ƙyalle. In na mutu kada ku jefar. Ke Balkisu kin taɓa ganinsa, ko da yake ba za ki tuna ba. Kina da shekara biyar, ranar wata Juma'a ina shanya kaya, kika buɗe adudun kika zaro shi. Lokacin na fara koya miki haruffa a ƙasa da tsinke. Kika zo da gudu kina murna kin gane harafin, kika ce, "Inna, wannan naki ne, ga sunanki a jiki." Na ce nawa ne. Kika juya shi, kika sa yatsa a bakin da ya fashe, kika ɗago kai kika dube ni.

"Inna, ina sauran? Ki gaya mani inda yake, ni sai in je in kwaso maki."